Dogon hutu: Kwana uku a Lafiya tare da ƙananan yara

Daga ƙarshen watan Yuli zuwa farkon Satumba makarantu a rufe suke, kuma a gidajen ma'aikata da yawa a Abuja wannan dogon hutu yakan zo da tambaya guda: ina za a kai yaran? A da, mai hali yakan nemi biza ya nufi Dubai ko Masar, mai matsakaicin ƙarfi kuma ya cika mota ya tafi gida, Katsina ko Sakkwato ko Yola, a gaida kakanni. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, darajar Naira kuma ta faɗi, duka biyun sun yi wa albashi nauyi. Abin da ya rage a gidaje da dama shi ne darasin hutu da safe, talabijin da rana, wayar uwa da dare, har a koma makaranta yaro bai taka ƙasar da ta wuce ƙofar unguwarsu ba.

Asarar da ke cikin wannan ba ta fitowa a takardar sakamako. Yaron da aka haifa a Kubwa ko Lugbe ko Gwarinpa yana iya kai shekara bakwai bai taɓa ganin kunyar doya ba, bai san daga ina gishirin miya yake fitowa ba, bai kuma taɓa jin amfanin Hausar da ake matsa masa ya yi a gida ba. Alhali a gabas da Abuja, tafiyar da ba ta wuce awa uku ba idan hanya ta yi kyau, akwai garin da zai iya ganin mafi yawan waɗannan cikin kwana uku: Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa.

Sharaɗi ɗaya ne, shi ne a auna tafiyar da ƙafar yaro. Babba yana ƙirga wuraren da ya gani, shi kuwa ɗan shekara huɗu abin da zai riƙe shi ne akuyar da ta bi shi a kasuwa da masarar da aka gasa masa a bakin hanya. Iyalin da suka lissafa wurare takwas a kwana biyu za su dawo da hotuna da kuka da faɗa. Waɗanda suka zaɓi wuri ɗaya da safe, suka bar rana ga barci da wasa, su ne za su dawo yara suna tambayar yaushe za a koma.

Fita daga Abuja

Tsakanin Abuja da Lafiya kusan kilomita 180 ne, ta Keffi da Akwanga da Nasarawa Eggon. Kowane ma'aikaci ya san cewa wahalar hanyar tana farkonta, wato Nyanya da Mararaba da Masaka. Dabarar ita ce a bi cunkoson ta baya. Da safe a ranar aiki jama'a shigowa Abuja suke yi, don haka hannun mai fita ya fi sauƙi, da yamma kuma lamarin yakan juye. Mai barin gida bayan sallar Asuba ranar Alhamis ko Juma'a zai wuce Masaka yara suna barci. Wanda ya bari sai an tashi daga ofis zai kwashe awanni a wuri ɗaya da yaro mai jin fitsari a bayan mota.

Daga Keffi hanya takan buɗe. Kamfanin China Harbour ya mayar da titin Keffi zuwa Makurɗi tagwaye, kuma a watan Fabrairun 2025 Gwamnatin Tarayya ta fara karɓar kuɗin hanya a kansa. Farashin da aka sanar a lokacin shi ne Naira 500 ga ƙaramar mota da Naira 800 ga jif a kowane shinge, saboda haka a sa shi cikin lissafi, zuwa da dawowa, a kuma riƙe katin banki a kusa. Kyan titi shi ma yana da nasa haɗarin, domin yana ruɗar direba ya taka mota, ga shi kuma damina ce, kwalta na da santsi. Tsakanin Akwanga da Nasarawa Eggon akwai gangaren da direbobi suka laƙaba wa suna Many Have Gone saboda yawan rayukan da suka salwanta a wurin. Gyaran hanya ya rage masa sharri, amma har yanzu wuri ne da ake sauka a hankali, a bar wa manyan motoci tazara. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana gargaɗin cewa yaran da ba su kai shekara 12 ba a kujerar baya suke zama, lambarta ta gaggawa kuma ita ce 122. Jariri a cinyar uwa a gaban mota al'ada ce da ya kamata a bari a gida.

Zango a Keffi da Akwanga

Ƙaramin yaro ba ya jure zaman mota fiye da awa ɗaya da rabi ba tare da ya miƙe ƙafa ba, kuma Keffi ta faɗo daidai wurin karin kumallo. Garin yana da labarin da ya dace a ba 'yan firamare a taƙaice. A nan ne, a shekarar 1902, Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe jami'in mulkin mallaka Kyaftin Moloney, sannan ya tsere zuwa Kano inda Sarki Alu ya karɓe shi. Wannan karɓa tana cikin dalilan da Turawa suka kafa na kai wa Kano yaƙi a 1903. Har yau akwai tudu a garin da ake kira da sunan Baturen. Yaron da aka nuna wa wurin da yatsa, ko daga cikin mota ne, zai gane darasin tarihi idan ya iske shi a aji, domin gani ya kori ji.

Bayan Akwanga ƙasa takan canza kama. Duwatsun Eggon suna tasowa a gefen hanya, a damina sun yi kore shar, da safe hazo na kwance a kansu. Kakannin al'ummar Eggon a kan waɗannan duwatsu suka zauna, suna noma a jikinsu, don tsira daga mahara a zamanin farautar bayi, kafin zaman lafiya ya sauko da mafi yawansu bakin titi. Hawan dutsen ba aikin mai goyo ba ne. Ya isa a tsaya inda mota za ta kauce daga kwalta sosai, a fito da yara su ɗaga kai, a tambaye su yadda suke jin mutum zai kai ruwa can sama. Amsoshin da za su bayar za su ishe ku hira har Lafiya.

Lafiyar Barebari

Sunan garin na asali Lafiyar Barebari, domin Barebari ne daga Borno, ƙarƙashin jagorancin Muhammadu Dunama, suka kafa masarautar wajen ƙarshen ƙarni na 18, a tsakiyar al'ummomin da suka riga su zama a yankin, irin su Alago. A zamanin Muhammadu Agwai, wanda ya yi mulki daga 1881 zuwa 1903, kasuwar garin ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin kwarin Binuwai, fatake suna bin hanya daga nan zuwa Loko a bakin kogi. Garin ya zama babban birnin jiha ranar 1 ga Oktoban 1996, lokacin da gwamnatin Janar Sani Abacha ta cire Nasarawa daga Jihar Filato. Tun 2011 kuma yana da jami'ar tarayya.

Wurin farawa shi ne ƙofar fadar Sarki. Marigayi Alhaji Isa Mustafa Agwai na ɗaya ya riƙe sarautar daga 1974 har rasuwarsa a watan Janairun 2019. Wanda ya gaje shi, Mai Shari'a Sidi Bage Muhammad na ɗaya, daga kujerar Kotun Ƙoli ya taso ya hau gadon kakanninsa, labarin da zai ba ɗan ma'aikacin gwamnati sha'awa idan aka ce masa Sarkin ma a Abuja yake aiki a da. Fada ba wurin shaƙatawa ba ce, gida ne mai ƙa'ida. A yi sallama, a nemi izinin dogarai kafin a shiga ko a ɗauki hoto, a cire takalmi inda aka ga ana cirewa. Kafin a isa, a koya wa yara yadda ake durƙusawa a ce "Allah ya ja zamanin Sarki." Wanda ya dace da ranar Juma'a yana iya nuna musu fadawa cikin manyan riguna da cikar jama'a a masallacin da ke kusa, sai dai a riƙe hannun kowane yaro gam, domin taro ba ya sanin ɗan wani.

Wuri na biyu shi ne tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Lafiya tana kan layin dogo na gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Makurɗi ya haura Kafanchan, aikin da aka yi tun zamanin Turawa. Jirgi ya daɗe da daina bin sa a kai a kai, ciyawa ta rufe wasu sassan, amma ga yaron da ya san jirgin Abuja zuwa Kaduna kawai, ganin siririn dogo da tsofaffin gine-gine abin mamaki ne. A gaya masa cewa ta nan kayan gona suke bi zuwa teku kafin zamanin tirela. A sa masa takalmi mai rufi, a kuma hana shi kutsawa cikin ciyawa, saboda damina lokacin macizai ne.

Na uku, kuma mafi daɗi ga yara, ita ce kasuwa. Nasarawa tana cikin jihohin da suka fi noman riɗi a Najeriya, ga doya da rogo da agushi da shinkafa da gyaɗa. A watan Agusta sabuwar doya ta fara shigowa, ɗanyar gyaɗa da masara sun cika bakin hanya. Wanda ke son ganin doya tuli-tuli sai ya ƙarasa Agyaragu, kaɗan daga Lafiya a kan hanyar Makurɗi. A kasuwar nan yaro zai ji Eggon da Alago da Mada da Gwandara da Migili da Tibi da Fulatanci, sannan ya lura cewa idan aka zo ciniki kowa Hausa yake komawa. A ba ɗan shekara shida 'yan kuɗi a hannu, a ce ya sayo gyaɗa da kansa, ya gaida mai kaya, ya taya, ya karɓi canji. Yaron da yake amsa Hausa da Turanci a gida zai gane a ranar cewa harshen nan yana saya masa abu. Wannan darasi ya fi wata guda na faɗan "ka riƙa yin Hausa."

Rabin yini a Doma

Safiya ta biyu ta Doma ce, tafiyar kusan rabin awa daga Lafiya. Tsohuwar masarautar Alago ce, sarkinta Andoma ake kiransa. A wajen garin akwai madatsar ruwan Doma, wadda aka gina don noman rani da ruwan sha, ruwa shimfiɗe tsakanin tuddai, masunta na kai da komo cikin kwalekwale. Babu lilo, babu kantin sayar da kayan zaƙi, saboda haka a tafi da tabarma da abinci da ruwan sha. Kallon yadda ake jefa birgi da yadda ake gyara kifi ya ishi yaro nishaɗin awa biyu.

Abu biyu ne ba a sassauta su a bakin ruwan. Na farko, kada a saka yaro cikin kwalekwale ba tare da rigar kariya daidai jikinsa ba, komai kwanciyar ruwan da komai roƙonsa. Na biyu, kada a bar shi ya yi wanka ko wasa a ruwan da ke kwance, domin ta nan ake ɗaukar tsargiya, cutar da ƙwayarta ke shiga ta fata, sai bayan makonni a ga jini a fitsari. A kan hanyar dawowa a tsaya a gefen wata gona, a nemi izinin mai ita, a nuna wa yara kunyar doya da ganyen riɗi da shinkafa tun tana ciyawa. A ƙaramar hukumar Doma ne, a Rukubi, kamfanin Olam yake da babbar gonarsa ta shinkafa, don haka mai yiwuwa tuwon da suke ci a Abuja daga wannan ƙasa ya fito.

Wuraren da za su jira

Duk wanda ya ji an ce Nasarawa zai ce Farin Ruwa, kuma da gaskiyarsa. Ruwan yana zubowa daga tsaunukan Filato a ƙaramar hukumar Wamba, kuma tsayin da aka saba ba shi, mita 150, ya ɗara na Victoria da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, mai mita 108. A damina ne yake cika ya yi fari fat, ana jin rugugin sa daga nesa. Sai dai a daminar ne kuma hanyar ƙauyukan da ke kai wa gare shi take lalacewa, ga tafiyar ƙasa a ƙarshe, ga duwatsu masu santsi. Wuri ne na matasa da manya masu mota mai ƙarfi da ɗan jagora daga yankin. Uban da ya ɗauki ɗan shekara uku a wuya ya nufi can a watan Agusta ya ɗora wa kansa da yaron abin da ba dole ba. Ruwan ba zai ƙafe ba kafin yaron ya kai shekara goma.

Haka ma Keana, garin gishiri, inda sarki yake amsa sunan Osana. Ɗaruruwan shekaru ke nan matan garin suna tace ƙasa mai gishiri cikin tukwane, su dafa ruwan har ya ƙone ya bar gishiri, kuma gishirin Keana da na Awe da Azara yana cikin hajar da fataken Hausa suka yi ta dakonta kafin zuwan na kanti. Abin kallo ne da ya dace da yara ƙwarai, amma aikin rani ne, ruwan sama yana tsayar da shi. A ajiye shi sai hutun Disamba.

Akwai kuma batun tsaro, wanda ba a ɓoye shi. Sassan kudancin jihar, musamman ƙauyukan Awe da Keana da Obi da Doma da ke iyaka da Binuwai, sun sha fama da rikicin manoma da makiyaya, kuma satar mutane ba baƙuwa ba ce a wasu hanyoyin jihar. Wannan bai hana zuwa Lafiya ba, amma ya wajabta tambaya. Da ɗan gari akan ci gari: kusan kowace ma'aikatar tarayya tana da ofishi a Lafiya, don haka da wuya a rasa abokin aiki da za a kira a ji halin da hanya take ciki a makon. Kada a yi tafiyar dare, kada a bar babban titi ba tare da wanda ya san wurin ba, kada kuma a sanya hotuna a Facebook ko WhatsApp ana bayyana inda ake sai bayan an bar wurin. Mai lambar gwamnati a motarsa zai fi samun kwanciyar hankali idan ya tafi da wata.

Jakar uwa, lissafin uba

Damina lokacin sauro ne, kuma zazzaɓin cizon sauro ya fi yi wa 'yan ƙasa da shekara biyar illa. A tafi da gidan sauro ko da masaukin ya ce yana da na'urar sanyaya ɗaki, domin wuta tana iya ɗaukewa. A jaka a sa maganin zazzaɓi na yara, da ma'aunin zafin jiki, da gishirin ORS da ƙwayar zinc saboda gudawa, da rigar ruwa, da kayan sawa ninki biyu na abin da ake zato. Abincin hanya a tsaya ga mai zafi da wanda ake ɓarewa, kamar gasasshiyar masara da ayaba da dafaffiyar gyaɗa. Idan larura ta taso, akwai babban asibiti a Lafiya da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Keffi. Zazzaɓin da ya bayyana ko bayan an dawo gida ne, a je a yi gwaji kafin a ba da magani.

Wajen masauki, a kira tun kafin a taso, a tambayi ruwa da wuta da wurin ajiye mota a cikin gida, a kuma nemi ɗaki a ƙasa saboda matakala. Kuɗin tafiyar kashi biyar ne: mai, kuɗin hanya, masaukin kwana biyu, abinci, da wani abu da za a ajiye gefe saboda faci ko asibiti. Tsaraba ba ta cikin asara, domin doya da riɗi da gyaɗar da za a cika but da su za su rage cefanen Abuja na makonni.

Wani abin da ake mantawa shi ne rabon aiki. A gidaje da yawa abin da ake kira hutun iyali aikin uwa ne aka ɗauke shi daga wani gari zuwa wani: ita ce wanka, ita ce ciyarwa, ita ce rarrashi, maigida yana gaba yana amsa waya. Idan ana son ita ma ta ce ta huta, sai uba ya ɗauki ƙaramin a kafaɗa a kasuwa, ya zauna da su da rana ta samu barci, ya kuma zama shi ne mai amsa tambayoyin da ba sa ƙarewa.

A nan ne maganar ta dawo kan mai karatu. Dokokin aikin gwamnati sun ba babban ma'aikaci hutun kusan wata guda a shekara, amma kowa ya san yadda ake yi da shi: a ɗage, a gutsuttsura, ko a cinye shi wajen biki da ta'aziyya. Hadiman manya kuwa, masu rubuta jawabi da masu tsara tafiye-tafiye da masu riƙe jaka, hutunsu yana hannun jadawalin wani. Amma Majalisar Tarayya kanta takan tafi dogon hutu a wannan tsakanin, ofisoshi da yawa sukan lafa, kuma kwana ɗaya ko biyu da aka haɗa da Asabar da Lahadi ba su fi ƙarfin nema ba. A rubuta takardar tun da wuri, a miƙa aiki ga wanda zai riƙe, a sanar da maigida cewa za a duba waya da safe da kuma bayan Isha'i. Shekarun da yaro yake murna don babansa ya nuna masa kwalekwale kaɗan ne. Daga ya shiga sakandare, abokai da waya za su karɓe shi, kuma babu ƙarin girma ko alawus da zai dawo da wannan lokaci.

Ranar dawowa a taso daga Lafiya da hantsi, bayan an karya, don a shiga Abuja da azahar ko kafin la'asar, lokacin da cunkoson Mararaba yake hannun masu fita. A mota a bar kowane yaro ya faɗi abu ɗaya da ya fi burge shi, babba a cikinsu ya rubuta a littafi, ƙarami ya zana. Idan makaranta ta buɗe malama ta ce kowa ya ba da labarin hutunsa, akwai wanda zai miƙe ya ce ya ga inda doya take kwana, ya gaida dogarin Sarki, ya kuma sayo gyaɗa da Hausa aka yi masa ragi.